Ramin ma'adini ba ya cike kansa: yadda ake maido da ƙasa bayan haƙar gawayi da dutse

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙasar da aka haƙa domin fitar da ma'adini, da yadda ake maido ta har ta sake ba da ciyawa, ko itace, ko hatsi. Wani zai ce wannan zancen injiniyoyi ne. A'a. Gonar da katafila za ta shiga ta manomi ce, makiyayar da za a tone ta makiyayi ce, ruwan da zai kwanta cikin ramin kuma ƴaƴanmu ne za su yi wanka a ciki. Wanda ya san yadda ake gyaran shi ne zai iya yin tambaya tun da wuri, a lokacin da tambaya take da amfani.

Ina ake haƙa?

Gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, baƙin dutse ne mai cin wuta. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na zamanin da, waɗanda ƙasa ta binne miliyoyin shekaru har suka daskare. A Nijar ana haƙarsa a Anu Araran, kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas. Kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, shi ke wannan aiki. A 1981 ya fara ƙona gawayin domin samar da wutar lantarki ga ma'aikatun yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin. Akwai kuma wanda ake gasawa, a rage masa hayaƙi, a sayar domin girki, da nufin rage saran itace.

Jihar Tawa ma tana da nata. A Salkadamna, wajen kilomita 80 arewa maso yamma da birnin Tawa, akwai gawayi mai yawa kwance a ƙarƙashin ƙasa. A 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya aza tubalin aikin haƙarsa da na tashar lantarki, sa'an nan aikin ya yi shekaru yana jiran kuɗi. Ko yaya ya tafi, abu ɗaya tabbas ne: a bisa wannan gawayin akwai makiyaya da gonakin mutane.

A Malbaza kuwa ba gawayi ake haƙa ba, farin dutse ne. Tun tsakiyar shekarun 1960 ake yin siminti a garin. A ƙarshen shekarun 2010 an gina sabuwar masana'anta mai ƙarfin fitar da tan 650,000 a shekara. Siminti ba kome ba ne sai farin dutse da yumɓu, a niƙa su, a ƙona su cikin wuta mai tsananin zafi, daga baya a ƙara ɗan jips, wannan dutse mai ƙyalli da mutanen Adar suka daɗe suna tsinta suna sayarwa. Kafin a samu tan 1 na siminti sai an haƙo wajen tan 1 da rabi na dutse da yumɓu. Watau buhun siminti mai kilo 50 yana barin gurbin wajen kilo 75 a cikin ƙasa. Masana'anta irin wannan, idan ta yi aiki da cikakken ƙarfinta, tana cin abin da ya kusa tan miliyan 1 a shekara. Wannan duk rami ne.

Kada mu manta da ƙananan ramuka: inda masu aikin hanya suka kwashi marmara suka tafi, da inda ake tonon jips, da kududdufin bayan gari inda ake ɗibar ƙasar tubali. Girmansu ya bambanta, amma ciwon ɗaya ne, maganin ma kusan ɗaya.

Abin da haƙa ke yi wa ƙasa

Mai ginin rijiya ya san ƙasa hawa-hawa ce. A sama akwai ƙasa mai rai, mai ɗan duhu, wadda kaurinta a yankinmu sau da yawa bai kai rabin kamu ba. A cikinta irin ciyawa yake kwance yana jiran ruwa. A cikinta saiwoyi suke, da gara, da tana, da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da taki su mai da shi abincin shuka. Ƙarƙashinta sai jar ƙasa, sai yumɓu ko marmara, sai dutse. Domin a kai ga gawayi ko farin dutse, dole a yaye duk abin da ke bisa. Idan mai katafila ya ture su gaba ɗaya ya tara wuri guda, ƙasa mai rai takan koma ƙasa, dutse ya hau sama. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa sai ya salwanta cikin yini ɗaya.

Na biyu, manyan motoci suna daddanne wurin har ya koma fako. Ruwan sama ba ya shiga, sai ya gudu, ya yanka kwazazzabo, ya kwashi rairayi da tsakuwa ya kai fadama. Mutanen Majiya sun san ƙarshen wannan tafiya: madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda ke shayar da gonakin noman rani na Ƙonni, laka da rairayi ne babban abokin gabansu. Barnar da aka yi bisa tudu, mai albasa ne a fadama yake biyan kuɗinta.

Gawayi kuma yana da nasa sharri na musamman, kuma a nan ya kamata mu dakata. A tare da shi sau da yawa akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Amma da zarar an fito da shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya riƙa haifar da ruwa mai tsami, ɗan uwan ruwan batir. Wannan ruwa yana ƙona saiwar shuka, yana kashe kifi, yana kuma narkar da wasu ƙarafa masu guba daga cikin dutse ya tafi da su. Alamarsa ita ce ruwa ja ko ruwan ɗorawa, mai barin tsatsa a kan duwatsu. A Inugu ta Nijeriya, inda aka fara haƙar gawayi a 1916, an rufe ramukan tuntuni, amma irin wannan ruwa bai daina fitowa daga tsofaffin ramuka yana shiga kogin Ekulu ba. A ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar tamu abin yakan ɓuya da rani, ya tsaya a bisa ƙasa kamar farin gishiri, sai ruwan farko ya wanke shi gaba ɗaya zuwa tabki.

Tarin dattin gawayi yana iya kama wuta da kansa, ba tare da kowa ya kunna ba, ya yi ta ci daga ciki shekara da shekaru yana fitar da hayaƙi. Yana kuma iya zaftarewa. Ranar 21 ga Oktoba 1966, a wani gari mai suna Abarfan a ƙasar Birtaniya, tudun dattin gawayi da aka tara bisa idon ruwa ya jiƙe ya gangaro kan makarantar yara. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne. Mutanen garin sun daɗe suna kuka da wannan tudu kafin ranar.

Ramin farin dutse ba shi da wannan tsami. Nasa ciwon akasin haka ne: ƙasar takan yi kaushi irin na farar ƙasa, ganyen shuka ya yi rawaya, kuma babu taki a cikinta ko kaɗan. Abin mamaki shi ne farin dutse, idan an niƙa shi, shi ne babban maganin tsamin gawayi. Maganin Salkadamna yana kwance a Malbaza.

Ta fuskar lafiya

Ramin da aka bari a buɗe yakan cika da ruwa da damana. Ganin ruwa kusa da gari abin murna ne, amma a lura da abin da yake ɗauke da shi. Sauro yana yin ƙwai a bakin ruwa mai kwanciya, cikin kwana 10 ko makamancin haka ƙwan ya zama sauro mai cizo, zazzaɓi ya ƙaru a gidajen da ke kusa. Dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya yakan zauna a irin wannan ruwa. Yaro mai cutar ya yi fitsari a ciki, wani ya shiga wanka ya ɗauka. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi gidan likita, akwai ƙwayar maganinta. Ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke faɗi. Kurkunu dai mun rabu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar, amma zawo da ciwon ciki suna nan ga mai shan ruwan rami.

Bakin ramin ma'adini a tsaye yake kamar bango, ba kamar tabki ba mai gangara a hankali. Yaro ko saniya suka zame, babu wurin dafawa. A ƙasar Jos, inda aka haƙa kuza shekaru da yawa, an bar ɗaruruwan irin waɗannan ramuka. Wasu sun zama abin noman rani, wasu kuwa sun ci rayuka.

Sai ƙura. Ƙurar gawayi da ta dutse mai rairayi, idan mutum ya daɗe yana shaƙa, tana zama cikin huhu, ba ta fita, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Rawani yana tare ƙura mai kauri, amma ba ya tare mai laushin, ita ce kuwa mai cutar. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada.

Akwai kuma gubar da ba a gani. A 2010, a jihar Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Kafin a ceci sauran, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne ta, aka zuba sabuwa. Ba kowace ƙasar ma'adini ce ke da guba ba, amma ido ba ya rarrabewa. Saboda haka ƙasar da aka haƙa gawayi ko ƙarfe a cikinta, kada a shuka abinci sai an gwada ta. Hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da ɗakin gwajin ƙasa, malamin gona kuma ya san hanyar aikawa.

Tun ran gini ran zane

Gyaran ƙasa ba ranar da kamfani zai tashi ake fara shi ba, ranar da katafila ta fara shiga ne. Aiki na farko shi ne a yaye ƙasa mai rai ita kaɗai, a ajiye ta gefe guda, kada a gauraya ta da kome. Tulinta kada ya wuce mita 2 a tsayi, domin idan ya yi yawa, ta ciki ba ta samun iska, sai ta mutu. A shuka wake ko gamba a kanta don kada iska da ruwa su kwashe ta. Mafi kyau ma kada ta daɗe a ajiye: ana haƙa gaba, ana cike baya, ƙasar da aka yaye yau a shimfiɗa ta inda aka gama haƙa bara. Kamfanin da ya ce zai gyara duka bayan shekara 30, a tambaye shi wa zai rayu ya gani.

Wajen cikewa, kowane abu ya koma matsayinsa. Dutse mai tsami shi ke shiga can ƙasa, a gauraya shi da niƙaƙƙen farin dutse, a rufe shi da yumɓu a daddanne, yadda iska da ruwa ba za su kai gare shi ba. Haka ake yi wa duk datti mai haɗari. Da aka rufe ma'aikatar yuraniyom ta Cominak a Akokan, ranar 31 ga Maris 2021, shirin da aka tsara shi ne a lulluɓe tarin dattinta, wajen tan miliyan 20, da yumɓu da dutse masu kaurin mita 2. Bayan mugun dutse sai sauran duwatsu, sai jar ƙasa, sai ƙasa mai rai a sama.

Daga nan sai a kwantar da gangare. Kowane mita 1 na hawa ya samu aƙalla mita 3 na shimfiɗa, a yi wa ruwa hanyar sauka a jera mata duwatsu. Wurin da motoci suka daddanne a farke shi da haƙorin katafila, zurfin kamu guda, a gicciye da gangaren, ba a bi shi ba. Wannan aikin inji ne, ba na diga da shebur ba, kuma nauyin wanda ya haƙa ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya rage, mun fi kowa saninsa

A nan ne mutanen Adar suke da abin koya wa duniya. Ramin da aka cike aka shimfiɗa, fako ne kawai, fako kuwa an daɗe ana rayar da shi a ƙasar nan. A 1989 wani shirin raya karkara na hukumar FIDA mai mazauni a Badagishiri ya kai wasu manoman ƙasar Illela ziyara Yatenga, a Burkina Faso, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo. Suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka ana zuba masa taki. Da suka dawo suka gwada a ƴan gonaki, suka kira shi tassa. Cikin ƴan shekaru aka rayar da dubban hekta, har fakon da a da ba mai karɓarsa kyauta ya zama abin saye da kuɗi. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna gonar tassa mai taki tana ba da wajen kilo 500 na hatsi a hekta, wadda ba a yi wa kome ba kuwa wajen kilo 125. A ƙauyen Batodi, bayan an yi wa tudu irin wannan aiki, ruwan rijiyoyi ya taso da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, kusan gaba 8 ke nan, mata suka buɗe garake.

Ga yadda ake tassa. Da rani ake gina ramin, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 25, a bar wajen mita 1 tsakanin rami da rami. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen da ruwa ke gangarawa, ta tare shi. A zuba taki cikin hannu biyu. Iskar bazara za ta ƙara kawo ganye da ƙura. Gara za ta zo neman takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwa ya bi su ya shiga. Hekta 1 tana ɗaukar rami wajen 10,000. Aiki ne mai wuya, babu mai musu.

Tassa tana da wani amfani na musamman a wurin ma'adini. Sau da yawa ƙasa mai rai da aka ajiye ba ta isa a shimfiɗa ko'ina. To, maimakon a watsa ta sama-sama iska ta kwashe, gara a zuba ta cikin ramukan tassa tare da taki, inda saiwa za ta same ta. Amalanke 1 da aka zuba a rami ya fi 5 da aka watsa a fili. Idan ƙasar mai tsami ce, garin dutsen fosfat na Tawa yana narkewa da kyau a cikinta ya ciyar da shuka. A ramin farin dutse kuwa ba ya narkewa sosai, takin dabbobi ya fi shi.

Inda ake nufin ciyawa da itace, rabin wata ya fi dacewa: faɗinsa mita 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, a jera su a sassaɓe, 313 a hekta. Inda dutse ya yi yawa, kuma wurin haƙa ba ya rasa dutse, a yi jeren duwatsu a gicciye da gangare, abin da ake kira gandari a Adar. Shirin Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, da irin waɗannan dabaru ya rayar da duwatsu da tuddai, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki dutsen a ka mata ne.

Me za a shuka? A fara da masu haƙuri. Daga ciyawa: gamba, kyasuwa, ƙarangiya. A share irinsu daga daji da kaka, a watsa cikin rabin wata kafin ruwan farko. Daga itace: ɗakwara mai ba da ƙaro, bagaruwa, farar ƙaya, aduwa, magarya, anza. Ɗakwara da bagaruwa da danginsu suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu, kamar yadda wake ke yi. Gawo yana son ƙasa mai zurfi, a bar shi sai inda aka cike da kyau. Bedi ya dace a gefen hanyar motoci da tsakanin rami da gari don tare ƙura, kamar layukan da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Garmani kuwa, idan ya fito, a tuge shi kafin ya yi iri, domin yana mamaye wuri dabba ba ta ci. Sassaben zamani, wanda ya maido da miliyoyin itatuwa a Maraɗi da Damagaram, ba ya aiki a tsakiyar rami, domin babu kututturen da zai tofo. Amma a gefuna, inda katafila ba ta tumɓuke saiwa ba, kowane tohon sabara da kalgo a raine shi, shi ne zai ba wa tsakiyar iri da inuwa.

Dashe a yi shi da zarar damana ta zauna, cikin watan Yuli. Ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce, kuma abu ne mai kyau, amma itacen da aka dasa don a ɗauki hoto, ba a sa masa mai tsaro ba, awaki ne suke gama da shi kafin watan Maris. Ƙidayar da ta dace ba ta abin da aka dasa ba ce, ta abin da ya ga damana ta uku ce. Wurin yana bukatar tsaro shekara 3 aƙalla. A wannan lokaci ana iya yankan ciyawa a kai wa dabbobi gida, amma kada a sake su ciki. Kuma tun kafin a kafa shinge a zauna da makiyaya, kada a toshe burtali ko hanyar rijiya. Shingen da aka yi ba da saninsu ba, ba ya kwana biyu.

Misali daga ramin siminti

A bakin teku a ƙasar Kenya, kusa da birnin Mombasa, akwai masana'antar siminti ta Bamburi. Ramukanta sun zama farin fili mai zafi, babu ko tsinke. A 1971 wani masanin gona mai suna Rene Hala ya fara gwada itatuwa iri 26 a wurin. Guda 3 kaɗai suka rayu. Mafi juriya cikinsu yana zubar da ganye mai tauri kamar allura, wanda ba ya ruɓa. Sai aka kawo ƙadandoniya aka saki, ta riƙa cin ganyen tana fitar da baƙar ƙasa. A hankali ƙasa mai rai ta taru bisa dutsen, aka shigo da wasu itatuwa, wurin ya zama kurmi mai tabkunan kifi wanda baƙi ke biyan kuɗi su shiga. Mombasa ta fi Malbaza ruwan sama nesa ba kusa ba, saboda haka kada mu sa ran kurmi. Abin ɗauka shi ne aikin da ƙadandoniya ta yi can, gara ce ke yinsa nan.

Wani ramin ya fi ƙarfin cikewa, domin dutsen da ya fita ya zama siminti ya tafi. Irin wannan gara a mai da shi tabki da gangan. A kwantar da gefe guda yadda dabba za ta sauka ta sha ta fito, a katange sauran gefunan da ƙaya ko waya, a gwada ruwan, a zuba karfasa da tarwaɗa, suna cin tsutsar sauro kuma abinci ne. Ruwan ramin farin dutse yawanci yana yin ban ruwan garka. Na ramin gawayi kuwa sai gwaji ya wanke shi. Ruwan sha dai daga rijiya ko famfo.

Doka da takarda

Dokar kare muhalli ta 1998, da ta 2018 mai tsara binciken illar manyan ayyuka, sun wajabta a yi bincike kafin a buɗe wurin haƙa, a kuma ji ta bakin mutanen wurin. Dokar ma'adinai, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗora gyaran wuri a kan wanda ya haƙa. Gyaran da aka yi wa tsohuwar dokar a 2006 ya ware wa komin-komin na jihar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinin. Wanda za a karɓi gonarsa domin aikin jama'a kuma yana da hakkin diyya.

Idan aka kira taron jin ra'ayi, a je, mata ma su je. A tambaya ina za a ajiye ƙasa mai rai, yaushe za a fara cikewa, ina ruwan ramin zai bi, kuma kuɗin gyaran a hannun wa suke idan kamfani ya karye. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce uwa. A Amurka, dokar 1977 ta ce mai haƙar gawayi ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara, ba a mayar masa duka sai shuka ta kama. A inda ruwan sama ya wuce milimita 660 a shekara ana jiran shekara 5, a inda bai kai haka ba shekara 10. Ruwan Malbaza bai kai haka ba, balle na Salkadamna. A Jamus, kusa da birnin Kolon, kamfanin gawayi yana shimfiɗa ƙasar noma mai kaurin mita 2, ya noma ta da kansa shekara 7, yana farawa da ciyawa mai gyara ƙasa, kafin ya miƙa wa manoma.

Saura tambayar da ke haddasa faɗa: bayan an gyara, wurin na wane ne? Fako ba shi da mai shi, amma ranar da ya yi kore magada sukan fito. Tun kafin a sa diga, a tara mai gari, da masu gonakin asali, da makiyaya, da matan da za su yi aikin, gaban hukumar filaye ta Kofo wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa. A rubuta iyakar wurin, da wanda zai yanki ciyawa, da wanda zai ɗebi ƙaro, da wanda zai noma. Kowa ya karanta da idonsa kafin ya sa hannu, a ajiye takarda ɗaya a gari, ɗaya a ofishin komin.

Lissafi domin aji

Wani gari yana da tsohon ramin marmara mai faɗin hekta 2, an cike shi an shimfiɗa. Ana son a yi masa rabin wata, 313 a kowace hekta. Mutum 20 suka fito aikin gayya, kowane yana gina rabin wata 3 a yini. Rabin wata nawa za a gina duka? Kwana nawa aikin zai ci? Idan an dasa ɗakwara 1 a kowane rabin wata, bayan shekara 3 aka tarar rabi sun rayu, itace nawa za a sake dasawa? Ku yi lissafin a allo tare da malaminku, ku aiko mana da amsa.